Ranar da Wayar Kawu Tasi'u Ta Yi Fari

Hidaya Garzali shekararta talatin da ɗaya, tana da aure da 'ya ɗaya, kuma ita ce mai kula da shafin intanet na wata ƙungiyar manoman fadama a Wudil. A Sabon Gari take zaune. Ofishinta ɗaki ne guda a bayan rumbun takin ƙungiyar, da taga ɗaya mai kallon hanyar gada. Duk wanda ya san ta, in aka tambaye shi halinta, abin da zai fara faɗa shi ne tana da tsoro.

Ita ma ba ta musu. In za ta fita sai ta koma ta taɓa kan tukunyar gas. In mota za ta hau gada sai ta runtse ido har a sauka. Kawunta Tasi'u, ƙanin mahaifiyarta, tun tana ƙarama yake kiranta Farar Kura, har yau bai daina ba.

Tsoron yana da asali. A ƙauyen su mahaifiyarta aka haife ta, can ƙasa da gada, ta ɓangaren Darki. Mahaifinta Garzali manomin shinkafa ne. Wata damina tana firamare aka aiko cewa ruwa na tafe, kowa ya kwashe abin da yake da shi a fadama. Maza suka yi dariya a dandali, don bara ma an faɗi haka, an wahalar da mutane, ruwa bai zo ba. Wannan karon ya zo, da rana tsaka. Kawu Tasi'u ne ya ɗora ta a wuya ya ratsa da ita, ruwa iya ƙirjinsa. Abin da ta fi tunawa shi ne jinkar wani ɗaki tana tafiya a kan ruwa, da kaza a tsaye a samanta. Ba a rasa rai ba, amma Garzali bai sake noma ba. Ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari, ya yi gadi har ya rasu. In aka ɗauko zancen shekarar nan, magana ɗaya yake yi: "An fa faɗa mana."

Abin da yarinyar ta ɗauka ke nan ta riƙe: in an gargaɗe ka, kada ka tsaya gardama.

Ta yi sakandare, ta karanta kwamfuta a jami'ar garin, ta zauna wani shago tana buga wa ɗalibai takardu, tana koyon gina shafuka a tsakanin aiki. Da ƙungiyar manoman ta sami tallafin wata ƙungiyar agaji don a riƙa sanar da mutanen bakin kogi halin da ruwa yake ciki, sai aka neme ta.

Tsarin ba shi da wuya. Akwai wani masunci, Ƙasimu, can sama da gari, inda aka kafa turke mai zane-zane a bakin ruwa. Kullum da safe yana duba inda ruwa ya kai, ya aiko. Shafin Hidaya sai ya nuna launi. Rawaya na nufin a shirya. Ja na nufin a fita. A waɗannan biyun, muryar Ƙasimu ce ke tashi ta yi bayani, don ba kowa ne ke karatu ba. Na lafiya kuwa, da farko kore ta sa, manoma suka ce ba ya ganuwa a rana, balle a fasasshen gilashin waya. Suka ce a sa fari, fari ai alheri ne. Suka kuma ce ranar lafiya kada murya ta tashi, tana cin data a banza. Aka yi yadda suka so: fari, da ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa wanda ba mai kula da shi, ba murya.

A ƙauyukan ba kowa ke buɗe shafin ba. Kowace unguwa akwai mutum ɗaya da aka sani da wannan aikin. In an fito sallar asuba, gari ya ɗan waye, sai ya ɗaga wayarsa sama a ƙofar masallaci, kowa ya kalla ya kama gabansa. A ƙauyen su Hidaya, Kawu Tasi'u ne mai ɗagawa. Wayarsa tsohuwa ce, ta hannu ya saya, an ɗaure murfinta da roba. Yawancin masu ɗagawa irinta gare su.

Shafin intanet ba abu ɗaya ba ne. Ɗaruruwan ƙananan fayiloli ne na umarni, wasu ita ta rubuta, wasu ta aro daga abin da maginan shafuka suka ajiye kyauta ga kowa. Kafin a ɗora shafi, wata manhaja tana tattara su ta ɗaure wuri guda, yadda ake tara zangarniya a yi dami. Damin nan ne waya ke saukewa kafin ta nuna komai. In ya yi nauyi, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai mutum ya gaji da jira. Shi ya sa akwai wata manhajar kuma da ke kwance damin ta auna abin da ke ciki, ta zana shi gida-gida, babba da ƙarami, ta yi gargaɗi in wani abu ya wuce ƙima. Hidaya ma'auni take ce mata. Ba ta taɓa ɗora komai ba sai ta bi ta kansa.

A daminar bara, wajen ƙarshen Agusta, ta sabunta ma'aunin. Tana kunna shi sai fuskar kwamfutarta ta cika da ja. Gargaɗi biyu ne, da Turanci. Na farko ya ce shafin ya ninka nauyin da ya kamata. Na biyu ya ce kusan kowane abu a cikin damin ya zo sau biyu, a cire maimaicin.

Gaskiyar maganar, wadda Hidaya ba ta tuna ba a ranar, dami biyu ne. Tsofaffin wayoyi ba sa gane sabon salon umarni, don haka ana yi musu nasu daban, da tsohon salo. Kowace waya ɗaya kawai take ɗauka, wanda ya dace da ita. Sabon ma'aunin sai ya ɗora duka biyun a sikeli ɗaya, kamar a haɗa kayan jakuna biyu a auna, a ce jaki ɗaya zai durƙushe. Layin da ke sa a yi dami na biyun, ita da kanta ta sa shi tun farkon aikin, ta kwafo daga wani darasi, ba ta rubuta dalili a gefensa ba. Fayilolin kuma ba su da suna irin na mutane, haruffa ne da lambobi a cakuɗe.

Tana zaune ta zuba wa jan ido, Malam Nu'uman ya leƙo. Shi ne sakataren ƙungiyar, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum mai son aiki a tsaftace.

"Malama Hidaya, an tashi lafiya? Ya gida, ya 'yar tawa? Af, wannan jan fa?"

"Ma'auni ne, Malam. Wai shafin ya yi nauyi."

"To ya yi nauyin?"

"Haka ya ce."

"Kin san masu tallafin nan za su turo mai duba aiki. Ni duk zaman da na yi a gwamnati ban taɓa ganin baƙo ya ga ja ya tsaya jin bayani ba. In abu ya zo sau biyu, ai sai a cire ɗaya. Ko taki ne ba a zuba shi sau biyu a rami ɗaya."

Wani abu ya ɗan sosa mata rai. Ba manomin da ya taɓa cewa shafin na jinkiri. Amma ga shi a rubuce, da ja, daga mutanen da suka fi ta sanin aikin. Ita wace ce da za ta zauna a dandali tana yi wa gargaɗi dariya? Ta bi sawu har ta gano layin da ke haifar da maimaicin, ta kashe shi. Ta sake ɗaure damin. Jan ya ɓace. Ta buɗe shafin a wayarta, ya buɗe kamar ƙiftawar ido. Malam Nu'uman ya buɗe a tasa, haka. Duka biyun sababbin wayoyi ne.

"Kin gani? Allah ya yi albarka."

Ranar ta ci abinci da daɗi.

Satumba ta shigo da ruwa. Ƙasimu ya fara aiko da rawaya, Hidaya na gani a kwamfutarta kullum, muryarsa na cewa ruwa ya hau, a fara janye injinan ban-ruwa, wanda ya yi yanka ya kwashe. Hankalinta a kwance yake cewa saƙo na isa. Wata Juma'a da safe ya aiko cewa saura kaɗan ruwa ya taɓa jan zane, kuma ya ji daga mutanen sama cewa an ƙara buɗe dam.

Juma'a ranar kara ce a Wudil, kasuwar shanu. Kawu Tasi'u ya shigo da ɗan bijimi, ya rabu da shi da wuri, ya biya gidan yayarsa Rabi ya sha fura kafin masallaci. Hidaya ta leƙa gaida mahaifiyarta ta same shi a kan tabarma, ya miƙe ƙafa.

"A'a, Farar Kura! Yau an tsallako titi ba rakiya?"

"Kawu, sannu da zuwa. Ya mutanen gida? Ya su Goggo? Ya aka ji da ruwa?"

"Ruwa ai sai godiya. Ke dai Allah ya yi miki albarka. Da can a irin wannan lokaci ba ma barci, kowa kunnensa a kogi. Bana kuwa kullum na ɗaga, fari tas. Mun yanke shinkafar farko, tana nan kwance a fadama tana shan iska. Sai ta bushe mu buge a can, mu huta da ɗaukar jiƙaƙƙiya."

Hidaya ta ɗago kai ta dube shi.

"Fari, Kawu?"

"Kamar alawayyo."

"Yau ma?"

"Yau ma. Ke lafiya? Yaya, dubi fuskar 'yarki."

"Ba ni wayar."

Ya laluba aljihu ya miƙo. Ta buɗe shafin. Fari. Ta kai shi kusa da ido. Ɗan rubutun nan na ƙasa babu shi. Ba komai. Ba farin lafiya ba ne, farin shafin da ya kasa tashi ne. Wayar ta sauke damin da ba ta gane ba, ta yi shiru. Tun ranar da ta kashe layin nan take yin shiru, ita da duk 'yan'uwanta a ƙofar kowane masallaci na bakin kogi, mutane na kallo suna cewa alhamdulillahi.

Ta buɗe tata wayar ta ajiye kusa da tasa. Rawaya, har ya ɗan ja. Muryar Ƙasimu ta cika tsakar gida: ruwa na tafe, an ƙara buɗe dam, duk mai abu a fadama ya kwashe yau, kada a kai gobe.

Rabi ta saki ludayi. Kawu Tasi'u ya matso kusa. Ya dubi wayar nan, ya dubi waccan, ya janye ƙafafunsa a hankali.

"Wacce ce mai gaskiya?"

"Tawa, Kawu."

"Innalillahi. Akwai yara a bukkoki suna korar tsuntsu. Injin kowa na ƙasa."

Ya miƙe yana neman takalmi. Ta tura masa sabuwar wayarta a hannu.

"Tafi da wannan, ka kunna musu su ji da kunnensu. Ka bar mini taka."

"Ban iya ta ba."

"Nan kawai za ka taɓa. Kawu, don Allah ka hau mashin, kada ka jira mota."

Ita kuma ta fita da gudu, mayafi a hannu. Rabi na kira daga zaure, ke, ke, ba ta juyo ba.

Ba wuta a ofis, amma batirin sola na da saura. Ta nemo layin. Ga shi nan yadda ta bar shi, a kashe. Ta kunna shi, ta sa a sake ɗaure damin, ta zauna tana kallon lambobi na gudu. Da aka gama, ma'aunin ya buɗe kansa. Ja ya dawo, gida-gida, ya cika fuskar kwamfutar. Nauyi ya ninka. Komai ya zo sau biyu. A cire.

Ta faɗa daga baya cewa ko a lokacin, da wayar kawunta a gabanta, sai da yatsanta ya tsaya. In fa ma'aunin na da gaskiya ta wani ɓangaren? In ta ɗora, nauyin ya hana har sababbin wayoyin buɗewa, ta rasa duka? Ba ta taɓa tsallake gargaɗi ba a rayuwarta. Ji ta yi kamar an ce ta taka ruwan da ba ta ga ƙasansa ba.

Malam Nu'uman ya shigo cikin babbar riga, da dardumarsa a kafaɗa, ya zo ɗaukar makulli.

"Subhanallahi. Ya dawo?"

"Ni na dawo da shi, Malam."

Ta gaya masa, a gajarce. Ya zauna a bakin tebur.

"Tsaya in fahimta. Kin ce wannan jan ƙarya ne."

"Eh."

"Na Ƙasimu kuma gaskiya ne."

"Eh."

"To ni tsoho da me zan bambanta? Jiya kin yarda da shi, yau kin ƙaryata shi. In gobe kuma kika ce ashe shi ne daidai fa?"

Sai ta yi abin da ya kamata ta yi tun ranar farko. Ta ɗora gyaran a wurin gwaji, ta buɗe shi, ta sa kwamfutar ta nuna mata ainihin abin da waya ke saukewa, ba abin da ke ajiye a rumbu ba. Sabuwar waya, dami ɗaya. Tsohuwa, dami ɗaya. Ba wadda ta taɓa na 'yar'uwarta. Nauyin kowanne bai kai inda ake tsoro ba. Ta ɗauki wayar Kawu Tasi'u ta buɗe shafin gwajin.

Fari. Fari.

Sai rawaya ya bazu a fasasshen gilashin, muryar Ƙasimu ta fito a shaƙe ta 'yar lasifikar da ta sha ƙura.

Ta ɗora shi ga kowa, jan na nan yana kallonta.

"To alhamdulillahi, an gyara," in ji Malam Nu'uman.

"Ba a gyara ba, Malam. Ba mai sake dubawa sai gobe da asuba. Sun riga sun ga fari yau."

Ya dube ta, ya dubi agogon bango. Ya ciro wayarsa ya fara kiran masu ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu na kara, hayaniyar shanu ba ta bari su ji. Wasu wayar a kashe, an kai caji. Ya ce a bar wannan. Yau Juma'a, duk namijin da ke bakin kogi zai je masallaci. Ya kira limaman da ya sani, da na'ibai, da wani mai shayi da ke kusa da wani masallacin, ya ce a yi sanarwa bayan sallama, a lasifika, a ce daga ƙungiya ne: farin da aka gani kuskure ne, a fita daga fadama yau. Ya tattare riga ya nufi masallacin cikin gari don ya tare 'yan kasuwa kafin su watse.

Aka bar Hidaya da jira, wanda ya fi komai wuya. Ta kira lambarta da wayar kawun. Tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta sake. Ta tuna bai iya ɗaga kira a irin wannan waya ba, sai an ja yatsa. Ko kuma mashin ya faɗi da su a laka. Ko kuma ruwan ya riga shi. Ta ga jinka tana tafiya, da kaza a kai.

Ɗakin ya yi mata kaɗan. Ta fito ta bi hanya har gada, ta hau da ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba. Tireloli na wucewa, gadar na girgiza a ƙarƙashinta. Ta kama ƙarfe ta leƙa. Kogin ya zama ruwan kunun kanwa, ya cika ya batse, yana tafe da ciyawa da kainuwa da reshen itace. Masu wankin mota da ke zama a gefe duk sun hau sama. Wani tsoho mai kwale-kwale yana jan jirginsa kan tudu. Ta tsaya nan, tana kira tana sakewa.

Bayan la'asar aka ɗauka. Hayaniya ce ta fara shigowa, da kukan shanu, da ƙarar amalanke.

"Kawu! Kawu, kuna ina?"

"Ke Farar Kura, ki daina kiran nan, hannuna a shinkafa yake! Wani ne ma ya ɗaga mini. Yara sun fito. Mata ma duk suna nan, kowa da tamfol. Kashe, kashe!"

Ta zauna a gefen gadar, a ƙasa, mutane na ratsa ta.

Ruwan ya shiga fadama washegari da hantsi. Ba a rasa rai ba. A ƙauyen su Kawu Tasi'u an fitar da mafi yawa, shi dai gonarsa ta can ƙasa ta tafi. Amma akwai wata unguwa ta wajen Indabo da sanarwar ba ta kai ba, sai da safe da wayarsu ta yi magana. Sun sami abin da suka samu. Injina sun nutse, shinkafar da aka yanke ta bi ruwa.

Da ruwa ya janye, Hidaya ta je unguwar. Ba wanda ya aike ta. Aka nuna mata wata dattijuwa, Goggo Uwa, mai noman ɗan fegin da mijinta ya bari. Tana zaune tana tsince abin da aka tsamo, baƙi, ya fara tsiro. Hidaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ita ce mai shafin.

"Ke ce? Sannu 'yar nan. Ai wayar ba ta ce komai ba. Mu kuma muka ce lafiya." Ta ci gaba da tsinta. "Allah ya sa iyakarta ke nan. Kin sha ruwa kuwa?"

Daga baya Hidaya ta ce, da a ce matar zaginta ta yi, da ta fi samun sauƙi.

A taron ƙungiya na gaba ta nemi a canja tsarin. Kada fari ya sake nufin komai. Ranar lafiya a sa shuɗi mai duhu, kuma kullum, ko ruwa na ƙasa, Ƙasimu ya yi magana ya faɗi sunan ranar. Duk ranar da waya ta yi shiru, a ɗauka akwai matsala, a nemi labari. Wasu suka ce datar fa. Kawu Tasi'u ya ce gara waya ta ci data da kogi ya ci shinkafa, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, aka amince.

Ma'aunin kuwa ba ta jefar da shi ba, ba ta kuma rufe masa baki ba, ko da yake akwai inda ake taɓawa duk gargaɗi ya ɗauke. Ta raba masa aiki: ya auna damin sababbin wayoyi daban, na tsofaffi daban. A saman layin nan ta rubuta dalilinsa da Hausa, da manyan haruffa. Ta kuma rubuta wa masu ma'aunin a dandalinsu na intanet, ta bayyana abin da ya faru. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya amsa cewa shi ma ya gani. Mai duba aikin da aka yi ta tsoro, da ta zo, ta saurari bayanin, ta nemi a buɗe mata shafin a tsohuwar waya, ta wuce zancen taki.

Da rani aka ce a ƙara taswirar kogi a shafin. Ta ƙara, ma'aunin ya yi ja. Ta gwada a wayar kawun, shafin ya yi ta jan ciki kamar ba zai buɗe ba. Wannan karon gargaɗin gaskiya ne. Ta cire taswirar. Ta ce abin da ke damunta ke nan: jan ƙarya da jan gaskiya kamarsu ɗaya, ba a gane su a fuska.

Tsoron bai ragu ba. Mijinta Ubaidullah ya ce da can ja kawai take tsoro, yanzu an ƙara mata fari, saura shuɗi. Kawu Tasi'u bai dawo mata da wayarta ba. Ya ce musaya aka yi a gaban shaida, ya kuma koyi jan yatsa. Tasa tana kan teburinta, da robarta, kullum a caji. Ta bi masu gyaran waya na bakin tasha ta samo wasu tsofaffin ta jera kusa da ita.

Damina ta sake kamawa. Ranar Litinin da ta wuce an sake sabunta ma'aunin, ya fito da wani sabon ja da ba ta taɓa gani ba. Malam Nu'uman ya leƙo, ya gani, ya buɗe baki, ya rufe, ya tsaya a bakin ƙofa. Hidaya ba ta taɓa komai ba. Ta ɗauki wayar kawun ta buɗe shafin. Farin nan na farko ya tsaya, ya ɗan daɗe, tana jin bugun zuciyarta a kunne. Sai shuɗi ya sauko, Ƙasimu ya yi gyaran murya ya ce yau Litinin, ruwa na ƙasa da zane. Ta bi sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk suka faɗi haka. Sannan ta nemo lambar mai ɗagawa na unguwar su Goggo Uwa, ta kira shi, ta ce ya buɗe shafin, ya ari wata wayar ya kira ta ya kara a tasa, ta ji muryar Ƙasimu da kunnenta.